Sunan Yaya a Shafin Makaranta

Ni ban san shafin intanet yana da ƙofar baya ba sai da Yayanmu ya rasu. Na ɗauka kamar allon talla ne na bakin titi, wani ya rubuta ya kafa, shi ke nan. Ashe akwai inda ake bi a shiga ta ciki, a goge wannan, a ƙara wancan, a canja hoto, kuma duk shekarun nan shi kaɗai yake shiga.

Babanmu yana da makaranta a nan Tudun Wada. Ba wata babba ba ce, da safe boko, da yamma islamiyya. Asalinta zauren kakanmu ne inda ake karatun littattafai a kan buzu, Baba ne ya mayar da ita ajujuwa da benci. Yaya, ɗan farin gidanmu, shi ya yi mata shafi tun yana jami'a. Ranar komawa daga hutu, hotunan saukar karatu, labarin wasannin yara, duk shi yake sawa. Ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kano, gaba da Kwangila kaɗan, a farkon damina. Kwamfutarsa tana cikin jakarsa a lokacin, ba ta ƙara tashi ba. Wayarsa ce aka kawo mana, gilashin ya tsage ta gefe ɗaya amma tana aiki.

Damina ta yi nisa, dogon hutu ya kusa ƙarewa, sai Baba ya kira ni zaure. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, iyayen yara sun dame ni da kira. Wai shafin nan har yanzu ranar komawar zangon da ya wuce yake nunawa."

"Baba ni fa ban iya ba."

"Ke da kullum kanki yana cikin waya?"

"Wannan daban ne, Baba. Ni takalma da mayafai nake sayarwa a waya."

"To ki koya. Ba zan ɗauko bare in ba shi aikin marigayi ba."

Ba a ja da Baba idan ya sa kalmar marigayi a magana. Na ce to.

Na fara zuwa wajen Anti, sakatariyar makarantar. Kirista ce, daga Wusasa take zuwa kullum, tun muna ƙanana take aiki da Baba, kuma ɗana take ce wa Yaya. Na tambaye ta ko ya taɓa ba ta kalmar sirrin shiga shafin.

"Ni? Ni da ko firinta in ta maƙale sai na kira shi? Ki duba wayarsa. Ku yaran yanzu komai a waya kuke bari, har da hankalinku."

Wayar tana hannun Inna, mahaifiyarmu. A nan dole in yi bayani, don ba kowa ne ya tashi a irin gidanmu ba. Inna tana yi wa Yaya kunyar ɗan fari, irin ta da, ba ta wasa ba. Tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Yayanku take cewa, ko wancan yaron. Idan ya gaishe ta, a gajarce take amsawa tana kallon wani wajen. Idan ya yi tafiya ba za ta tambaya ya isa ko bai isa ba, sai dai ta ce mini, "Ba ki kira kowa ba yau?" in gane abin da take nufi. Ranar da aka kawo gawarsa, mata suka cika tsakar gida ana kuka, ita tana zaune a bakin gado da carbi, tana ba wa masu kukan haƙuri. Har yaba mata aka yi. Ni a ranar haushinta na ji, ban ɓoye wa kaina ba.

Da na ce mata ina son wayar, sai ta ɗaga filo ta ciro ta. Cajinta a cike. A unguwarmu da sai a kwana biyu ba a kawo wuta ba, wayata ma rabin rayuwarta a shagon mai caji take yi.

"Ki dawo da ita in kin gama," ta ce. "Kada ki bar ta a ko'ina."

Na zauna a baranda, ruwa yana ta zuba a kan kwano, sabis yana zuwa yana tafiya. Na buɗe inda ake shiga intanet, na ga shafin makarantar ma a buɗe yake. Na lalubi ƙofar bayan, wayar da kanta ta cike sunan shiga da kalmar sirri, ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Na danna. A can sama ta dama aka rubuta gaisuwa da Turanci, da sunansa, da ɗan hotonsa yana dariya sanye da hular da na saya masa. Na kife wayar a cinyata na daɗe ban ɗaga ba.

Da na ɗaga, abin da na gani ya fi kama da kicin ɗin wani gida da ba ka san inda ake ajiye gishiri ba. Kalmomi a jere ta hagu, jajayen ɗigo masu lamba suna cewa a sabunta wannan a sabunta wancan, ga gilashi a tsage, ga yatsana yana danna abin da ban yi niyya ba. Ban taɓa ko ɗaya daga jajayen nan ba, tsoro nake kada in rushe abin da ya gina. Na koma wayata na kalli bidiyon wasu masu koyarwa har datata ta ƙare. A hankali na gane akwai ɓangaren shafukan da ba sa canjawa, kamar tarihin makaranta, akwai kuma ɓangaren labarai inda sabo yake hawa kan tsoho. Na gane za ka iya rubutu ka ajiye ba wanda ya gani, za ka iya leƙawa ka ga yadda zai fito, sai ka danna babban maɓalli mai shuɗi sannan duniya ta gani.

Na rubuta sanarwar komawa makaranta, layi kaɗan, Hausa da Turanci yadda yake yi. Na kai wa Baba ya karanta, ya gyara mini kalma ɗaya. Na danna shuɗin. Har na ji wani ɗan daɗi, irin na wanda ya tuƙa mota daga ƙofar gida zuwa kwana bai buge kowa ba. Anti ta tura sanarwar guruf ɗin iyayen yara. Na mayar wa Inna waya.

Abin da masu bidiyon ba su faɗa mini ba, kowane labari yana fita ne da sunan wanda ya shiga ya rubuta shi. A ƙarƙashin kan labarin, ga sunan Yaya, ga hotonsa, ga kwanan watan ranar.

Kafin la'asar guruf ya ɗauka. Wasu suka yi ta innalillahi. Wani uban yara da ba ya iya riƙe bakinsa ya rubuta, ashe can ma akwai sabis. Anti ta kira shi ta wanke shi tas, ina jin ta daga ofis tana cewa, "Alhaji da girmanka? Uwarsa tana raye fa." Wani dattijo daga Gyallesu, abokin karatun Baba, ya tako har zaure ya ce masa, "Malam, a duba abin nan. Mamaci ba ya sanarwa."

Wanda ya fi ci mini rai shi ne kiran da aka yi wa Inna. Wata Hajiya ce ta Tudun Jukun, jikokinta suna makarantar, ta daɗe a Legas wajen 'yarta da ta haihu. Ta ji labarin rasuwar sama-sama, sai ga sanarwa da sunansa. Ƙaramar wayar Inna irin mai tocila ce, ko ba a sa ta a sifika ba kowa yana ji.

"Hajiya, ashe ƙarya mutane suke yi. Wallahi har na yi kuka a banza. Yanzu na ga ya yi rubutu, na ce bari in kira in yi miki barka."

Inna tana tsince shinkafa a faranti. Hannunta bai tsaya ba.

"A'a Hajiya, gaskiya ne. Ƙanwarsa ce ta rubuta."

Sai ta koma tana ba wa matar haƙuri, don ita ce ta fashe da kuka. Na shige ɗaki.

Washegari bayan sallar asuba na fito zan ɗebi ruwa, sai na ga haske a ɗakin Inna, labulen bai rufu duka ba. Tana zaune a kan sallaya, tabarau a hanci, wayar Yaya a hannunta. Inna ta koyar a firamare kafin ta ajiye, tana karatu sarai, idon ne ya yi rauni. Ta ƙara girman rubutun har kalma uku suke cika layi. Ta ji motsina, ta yi kamar za ta tura wayar ƙarƙashin hijabi, sai kuma ta fasa.

"Zo ki karanta mini wannan. Tsagewar nan ta bi ta kansa."

Wani tsohon labari ne, na ranar da akuyar maƙwabta ta shiga aji ɗaya ta cinye jadawalin da aka liƙa a bango. Yaya ya rubuta cewa hukumar makaranta ta yanke shawarar ba akuyar gurbi tunda ta nuna son ilimi fiye da wasu 'yan aji shida. Haka yake rubutu, ko sanarwar allurar rigakafi ce sai ya sa abin dariya. Na karanta mata. Inna ba ta yi dariya ba, amma bakinta ya motsa.

"Kullum kike dubawa?" na ce.

Ta karɓi wayar, ta ja rubutun sama da yatsa har inda sunansa yake, ta tsaya a nan.

"Ko'ina an canja masa suna," ta ce, a hankali kamar da wayar take magana. "Malam, 'yan'uwa, almajiran gidan nan, kowa marigayi, marigayi. Nan ne kawai aka bar shi yadda yake."

Sai ta kashe hasken wayar ta ce in je in ɗora ruwan koko. Ba ta ce kada in faɗa wa kowa ba. Ba sai ta ce ba. Matar da ta yi shekaru tana ɓoye wannan abin, har a ranar jana'iza, ba ni zan tona mata asiri a gaban mijinta ba.

Da hantsi Baba ya sake kirana.

"Uwata, ba laifinki ba ne, ba ki sani ba. Amma a gyara. Ki buɗe naki, ki riƙa rubutu da sunanki. Nasa kuma a rufe."

Buɗe nawa bai yi wuya ba. Akwai ɓangaren masu amfani da shafin, na ƙara kaina, na ba kaina matsayin mai iko da komai, aka turo mini saƙo ta imel, na shiga da wayata. Na mayar da sanarwar jiya ƙarƙashin sunana. Sai na je kan nasa na danna gogewa, don in ga me zai ce. Ya kawo mini tambaya da zaɓi biyu. Ko a goge shi da duk abin da ya taɓa rubutawa, ko a goge shi a mayar da rubutun duka sunan wani. Wanin kuma ni ce, ba kowa a wurin sai ni. Na fita da sauri kamar na taɓa tukunya mai zafi.

Na koma na yi wa Baba bayani. A raina ina murna, na ɗauka zai ce to a bar shi haka.

"A'a, ba za a goge wahalarsa ba," ya ce. "Ba kuma za a ba wani abin da ba shi ya yi ba, ko da ke ce. A bar sunansa. Amma ba a barin sunan mamaci tsirara. Ki sa marigayi a gaba, ki sa Allah ya jiƙansa a baya."

"A ina, Baba? A shafin malamai?"

"Duk inda sunan yake."

"Ai wuri ɗaya ne ake rubuta sunan. In na canja a nan, zai canja a kan duk abin da ya taɓa rubutawa, har na shekarun baya. Har labarin akuya."

Na faɗi haka ne don ya ga abin ya yi yawa. Sai na ga fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka tun kafin rasuwar.

"Alhamdulillahi. Kin ga ke nan duk wanda ya buɗe, ko ranar hutu yake nema, sai bakinsa ya yi masa addu'a ko bai shirya ba. Me ya rage da za mu iya yi masa, Uwata? Abinci za mu kai masa ko riga? Wannan ce kaɗai take isa inda yake."

Ya cire tabarau ya goge da bakin rawani, ya daɗe yana gogewa. Da mugunta ce ko taurin kai, da na san yadda zan yi da shi. To ba su ba ne. Shi ma abin da ya samu ke nan ya riƙe.

Na fara ja da lokaci. Ran nan na ce sabis ba kyau, kuma da gaske ba kyau. Washegari na ce caji. Na shiga neman hanyar da za a ce mutane su ga sabon suna, waya ɗaya tak ta ci gaba da ganin tsohon. Na yi tambaya a wani guruf na masu harkar, wani ya ce sai an taɓa lambobin cikin shafin, wani ya ce in sa wani ƙarin abu, wani ya tambaye ni ko ina da ajiyar shafin a gefe kafin in fara. Ban ma san ana ajiya ba. Wani kuma ya ce wace irin buƙata ce wannan, na fita daga guruf ɗin.

Na yi tunanin ɗaukar hoton kowane labari in ajiye mata. Na ɗauki kaɗan na gwada nuna mata, kamar da wasa. Ta kalla ta miƙo mini.

"Wannan ai hoto ne."

Na gane. Hotunansa suna nan cike da gida. Abin da take buɗewa da asuba wuri ne da yake nan yanzu, da mutane suke shiga, kuma a can bai mutu ba tukuna.

Anti ce ta lura ina kewaye-kewaye. Ta same ni a ofis ina kallon akwatin sunan, ban rubuta komai ba.

"Malam ya tambaye ni ko kin gyara. Na ce masa ban sani ba. Me ya riƙe ki?"

"Ba komai Anti."

"Ba komai ɗin nan da tabarau take karatu?"

Na ɗago na kalle ta. Ta ja kujera ta zauna, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"Wa kike tsammani yake kai wayar nan caji in ba wuta? A jakata take zuwa ofis, a jakata take komawa. Ba ta taɓa ce mini don me ba, ni ma ban tambaya ba."

"To ya zan yi?"

"Ni kike tambaya? Lokacin da maigidana ya rasu, na fi shekara ban cire sunansa daga ƙofar gida ba. Fasto ya yi magana, 'ya'yana suka yi, na ce wanda ya isa ya zo ya cire. Amma ni ina da bakin faɗa. Mamanki ba ta da shi, al'adarku ta ɗaure mata. Ke kuma ba za ki yi faɗan a madadinta ba sai kin tona ta."

"Ki yi wa Baba magana mana. Yana jin maganarki."

"In ce masa me? In ce kada a yi wa ɗansa addu'a?" Ta mayar da takalminta. "Ki yi haƙuri 'yata. Wannan ba ta da gyara mai daɗi."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya shigo cikin gida cin abinci, abin da ba kullum yake yi ba. Inna ta shimfiɗa masa tabarma a baranda, ta koma bakin kicin ta zauna a kujera 'yar tsugune. Ina zuba masa ruwa ya ce,

"Uwata, dattijon nan na Gyallesu ya sake tare ni a masallaci. Ya ce jikansa ya duba masa, har yanzu sunan yana nan yadda yake. Abin ya gagara ne? In ya gagara a nemo wanda ya iya."

"Bai gagara ba Baba."

"To mene ne?"

Ina jin Inna a bayana, ko motsi ba ta yi. Da zan juya in kalle ta, da Baba ya gane komai, don haka na kafe idona a kan jug ɗin ruwa. Shirun ya yi tsawo har kazar da take tsakar gida ta zo ta leƙa kwanon miya ba wanda ya kore ta.

Inna ce ta yi magana.

"Ki yi abin da Malam ya ce."

Muryarta daidai, irin wadda take cewa a rufe ƙofa kada sauro ya shiga. Baba ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin abincinsa. Bai san an yi wani abu a gabansa ba, har yau kuma bai sani ba.

Da ya fita na bi ta ɗaki.

"Inna, zan iya cewa ya ƙi yi. Zan iya cewa in an taɓa shafin zai lalace."

"Ki yi wa ubanki ƙarya a kan addu'a?"

"Ko in sa, in an kwana biyu in cire. Ana iya mayarwa."

Ta kalle ni ta saman tabarau. Ni ma da na faɗa na ji yadda maganar ta fito. Na'urar za ta yarda, ko sau nawa kake so ka canja. Amma wa zai sa hannu ya goge Allah ya jiƙansa daga jikin sunan mamaci bayan an rubuta?

"Ki ba ni lokaci zuwa la'asar," ta ce.

Ta ɗauki wayar ta zauna a bakin gado, wurin da ta zauna ranar rasuwar. Ni na zauna a ƙasa na jingina da bango, tawa wayar a hannu, akwatin sunan a buɗe. Ta fara daga na ƙarshe tana komawa baya. Ba karantawa take yi duka ba, buɗewa take, ta tsaya a kan sunan, ta wuce na gaba. Wani wurin sabis ya tsaya, ta jira, ba ta yi tsaki ba. Hadari ya haɗu, ɗakin ya yi duhu, yara a waje suna ihun a kwashe shanya. Ba ta ce in karanta mata komai ba. Na rubuta kalmomin a akwatin na bar su, marigayi a gaba, addu'ar a baya, na duba harafi-harafi kada in yi kuskure a sunan da ba a taɓa kira a ɗakin nan ba.

Aka kira sallah a masallacin layinmu. Ta kai kan labarin farko da ya taɓa sawa, wanda yake cewa ga shafin makarantarmu, a yi haƙuri da shi, mai shi koyo yake. Ta ɗan jima a nan.

"To," ta ce. "Danna."

Na danna. Ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa, har na fara fatan sabis ya ɗauke. Sai ya rubuto an adana.

"Ya yi?"

"Sai kin ja shafin ƙasa ya sabunta."

Ban so na faɗa mata haka ba. Da na yi shiru, da tsohon ya zauna a wayar har zuwa lokacin da za ta rufe. Ta sa yatsa ta ja da kanta. Shafin ya yi fari, ya dawo. Sunan ya yi tsawo yanzu, a girman rubutun da take sawa har layi uku ya ci.

Ta karanta shi, ina ganin leɓenta. Ta tsallake tsakiyar kamar yadda ta saba, ta faɗi na ƙarshen a fili.

"Allah ya jiƙansa."

Na ce amin. Ta ajiye wayar a kan gado, fuskar a ƙasa, ta tashi ta ɗauki buta.

Makaranta ta koma ranar da aka sanar. Baba ya sa jikan abokinsa ya nuna masa shafin, ya dawo yana sa mini albarka. Iyaye suka riƙa rubuta amin a ƙarƙashin tsofaffin labarai, har na akuyar, sai na koyi yadda ake amincewa da sharhi kafin ya fito, na riƙa bi ina sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Na koyi yin ajiya, na koyi rage nauyin hoto, har jajayen ɗigon nan na daina jin tsoronsu. Rubutuna ba shi da abin dariya, sanarwa ce kawai, rana kaza, ƙarfe kaza, a zo da yara da wuri.

Inna kuma, na yi ta fitowa ɗibar ruwa da asuba ko ba na buƙata, ina duban labulenta. Tana nan a kan sallaya da carbinta har gari ya waye. Ba ta sake kirana in karanta mata komai ba.